Rashin Matsuguni a Yamai: Wane Iyali ke Neman Wane Irin Masauki?

Tsakure

Duk shekara idan damina ta yi nisa, hukumomin Nijar kan fitar da alƙaluman gidajen da ruwa ya rusa da iyalan da suka rasa wurin kwana. Waɗannan alƙaluma su ne aka fi dogara da su idan ana maganar rashin matsuguni a Yamai, amma iyali iri ɗaya suka fi haskawa: magidanci mai gidan kansa, da matarsa ko matansa da ƴaƴansu. Wannan maƙala ta bi sawun sauran, wato ƴan haya, da masu bukkoki a filayen mutane, da mata masu riƙon ƴaƴa su kaɗai, da gwauraye ƴan ci-rani, da yara, da baƙin da suka gudo daga wasu ƙasashe. Hujjarta ita ce abin da kowane rukuni ke buƙata daban yake, kuma fili a bayan gari, wanda shi ne babbar amsar hukuma zuwa yanzu, rukuni ɗaya kawai yake yi wa amfani.

1. Gabatarwa



Lokacin da Turawan Faransa suka ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Damagaram suka maido ta Yamai a 1926, garin bai wuce ƴan unguwanni a bakin kogin Isa ba. A 1960 mutanensa wajen 30,000 ne. Ƙidayar 1988 ta same su sun kusa 400,000, ta 2001 ta same su sun haura 700,000, ta 2012 kuwa ta ba jihar Yamai mutum 1,026,848. Gini bai bi wannan gudu ba. Ƙiyasin da aka daɗe ana ambata shi ne ƙasar na buƙatar sabbin gidaje kimanin 40,000 a kowace shekara, 5,000 daga ciki a Yamai. Akwai dokar manufar muhalli ta ƙasa tun 1998, akwai kamfanin gina gidaje na SONUCI, akwai Bankin Muhalli na Nijar da aka buɗe a 2018. Sai dai duk waɗannan ƙofofi mai albashi ne ke iya ƙwanƙwasa su, shi ma mai albashi mai kauri. Mafi ƙarancin albashi a hukumance jika 42 ne a wata tun Janairun 2024, kafin nan jika 30 ne da ƴan kai, kuma yawancin mutanen da zan yi magana a kansu ko wannan ba su da tabbacin samu.

Na dogara da abin da masana suka wallafa kan birnin, tun daga aikin Suzanne Bernus na 1969 zuwa na malaman Jami'ar Abdu Mumuni, da sanarwar hukumomi, da kuma abin da duk mazaunin Yamai ke gani da idonsa idan ya fita bayan sallar isha'i.

2. Ma'aunin da aka bi

Ƙungiyar FEANTSA ta Turai ta fitar da wani ma'auni a 2005 wanda ya kasa marasa matsuguni gida huɗu: mai kwana a fili, mai kwana a masaukin wucin gadi, mai zaune a wurin da za a iya korarsa kowane lokaci, da mai zaune a wurin da bai dace ɗan Adam ya zauna ba. Na ari wannan ma'auni ne domin yana hana mu tsayawa ga wanda muka gani kwance a bakin titi kaɗai.

A Yamai wannan na da muhimmanci ƙwarai, saboda zumunci yana ɓoye matsalar. Wanda aka kora daga haya yakan raba ƴaƴansa: biyu gidan wa, ɗaya gidan gwaggo, matar ta koma gaban iyayenta, shi kuma ya riƙa kwana a shagon aboki. Babu ɗaya daga cikinsu da ya kwana a titi, amma gidan ya watse. Haka kuma buƙatar da ba ta da ofishin da za a kai ta ba ta shiga lissafi. A ƙasashen da ke da gidajen saukar marasa galihu, ana gane yawan mabuƙata daga yawan masu zuwa neman gado. A nan, macen da aka saka da daddare ba ta da inda za ta je a rubuta sunanta, don haka a takarda babu ita.

3. Iyalan da ruwa ya kora

Wannan shi ne rukunin da aka fi sani. Kogin Isa kan cika sau biyu a Yamai. Akwai cikar da ke gangarowa daga tsaunukan Gini, mai isowa a cikin hunturu a hankali. Akwai kuma jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda rafukan Goruwal da Dargol da Sirba ke kwararowa da shi daga wajen iyakar Burkina Faso, kuma shi ne mai ɓarna. An sha shi a 2010, an sha a 2012. A Satumban 2020 ruwan ya kai wajen santimita 700 a ma'aunin Yamai, alhali alamar haɗari mafi girma 620 ce. Ganuwar da ta tare kogin ta ɓalle ta wajen Lamorde, ruwa ya shiga unguwannin Harobanda da ke ƙetaren kogi irin su Lamorde da Karaje da Zarmagande da Kirkisoy, ya taɓa har jami'a da asibitinta, a ɗaya gaɓar kogin kuma ya shiga unguwar Saga. A 2024 abin ya game ƙasa baki ɗaya: kimanin mutum miliyan ɗaya da rabi, da rayuka kusan 400, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne jama'a na zaune a cikin azuzuwa.

Duk wanda ya leƙa irin waɗannan azuzuwa ya san yadda suke. An tura tebura gefe an jera su sun zama katanga, an ɗaure igiya daga taga zuwa taga an rataya zannuwa, kowane lungu na iyali guda. Katifar da ta sha ruwa tana shanye a kan allo, tukwane a bakin ƙofa, maza kuma suna kwana a waje ƙarƙashin itace saboda ba zai yiwu su shiga ɗakin da matan maƙwabta ke ciki ba. Makewayin da aka gina domin ɗalibai su yi amfani da shi da rana ya zama na ɗaruruwan mutane dare da rana. Da lokacin komawa karatu ya gabato, sai a kwashe su zuwa tantuna, kamar yadda aka yi a sansanin Gamu da filin sukuwa a 2020, daga nan kuma a yi maganar fili.

A nan ne nake ganin kuskuren lissafi yake farawa. A takarda ana rubuta "iyali ɗaya", amma ƙarƙashin wannan kalma akwai aƙalla mutane iri uku. Na farko shi ne mai gida, wanda ginin lakarsa ya narke amma filin na nan, ko da takardar mai unguwa ce kawai a hannunsa. Na biyu ɗan haya ne, wanda ɗakin da ya rushe ba nasa ba ne, kuɗin da ya biya gaba sun tafi da ruwa, kuma zai shiga neman wani ɗakin a daidai lokacin da dubban mutane ke nema, farashi ya tashi. Abin da zai tsamo shi kuɗin hayar ƴan watanni ne a hannu, da wuri. Na uku shi ne mai mata biyu ko uku. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan aure a Nijar suna zaune da kishiya. Idan aka ba irin wannan gida tanti ɗaya da buhu ɗaya domin sunan mai gida ɗaya ne a takarda, an haɗa kishiyoyi da balagaggun ƴaƴa maza da mata wuri guda, abin da ko a gidan da ya fi kowane talauci ba a yi.

Maganar fili kuma an riga an gwada ta. Bayan ambaliyar 2012 an kai mutane Seno, can bayan gari a gunduma ta biyar. Binciken da Adam Abdou Alou da Céline Lutoff da Harouna Mounkaila suka wallafa a 2019 ya nuna cewa wasu daga cikin waɗanda aka mayar can sun koma zama a wuraren da ruwa ke ci. Wasu na kiran wannan taurin kai. Ni ban yarda ba. Mai lambu da masunci da mai noman shinkafa da mai wanki abincinsu a bakin kogi yake. Matar da ke soya ƙosai a bakin hanyar Harobanda masu sayenta na can. Idan aka ba mutum fili fetal, babu kuɗin gini, ruwa da makaranta da asibiti sun yi nisa, kuɗin abin hawa zuwa wurin sana'a ya cinye ribar yini, to komawarsa bakin ruwa lissafi ne irin na mai hankali da ya rasa zaɓi.

4. Masu bukkoki a filayen mutane

Yamai gari ne mai filaye da yawa da aka yanka aka sayar amma ba a gina ba. Wani ɓangare na wannan ya samo asali ne daga farkon shekarun 2000, lokacin da gwamnati ta biya ma'aikata bashin albashinsu da filaye. A cikin waɗannan filaye, da kangwaye, da cikin dajin dogon yaro da aka fara kewaye birnin da shi a 1965, iyalai ne zaune a bukkokin zana. Tarihinsu ya daɗe. Unguwar Lazare ta taso ne daga sansanin da aka tara waɗanda farin 1973 zuwa 1974 ya kora, akasarinsu makiyaya, farin 1984 kuma ya ƙaro wasu.

Yarjejeniyar ta baka ce. Mai fili ya bar mutum ya kafa bukka, shi kuma ya tsare masa wurin kada a zuba shara ko wani ya ci iyaka. Bukka biyu ko uku, an lulluɓe su da leda saboda ruwa, randa a gindin itace, akuya a ɗaure, wani lungu da aka kewaye da buhuna shi ne wurin wanka. Yaran suna zuwa makarantar unguwa, uwar tana wanke-wanke a gidan da ke kallonsu. Ranar da motar yashi ta juye kaya a bakin filin, kowa ya san abin da ake nufi. Za su kwance zana su ɗora a amalanke su nemi wani filin, kullum ana ƙara matsawa bayan gari, yaro ya bar ajinsa a tsakiyar shekara.

Ga kuma wuta. A ranar 13 ga Afrilun 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makaranta a unguwar Pays-Bas, yara kimanin 20 suka rasu. Ƙasa duka ta girgiza, kuma ya kamata. Amma irin wannan zana ce dubban yara ke kwana a cikinta kowane dare, da murhu a bakin ƙofa.

Waɗannan iyalai cikakku ne, da uba da uwa da sana'a. Ba sadaka suke nema ba. Abin da ya fi damunsu shi ne wa'adi: a sanar da su da wuri kafin a tashe su, a kuma sami wuri kusa da aikinsu inda za su zauna shekaru ba tare da fargaba ba, ko da ƙaramin haya za su riƙa biya.

5. Mace mai riƙon gida

Idan aka ce in zaɓi rukuni ɗaya da buƙatarsa ta fi gaggawa kuma aka fi yin shiru a kansa, wannan zan zaɓa.

Hanyoyin da mace ke rasa ɗaki a Yamai sanannu ne. Ta farko saki. Shari'a ta ce matar da aka yi wa saki na kome ta yi iddarta a ɗakinta, farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ma ya hana a fitar da ita. A aikace kuwa takarda da tafiya rana ɗaya suke zuwa. A ƙauye gidan uba na kusa. A birni mai yiwuwa iyayen suna Filinge ko Dogon Dutsi ko Tasawa, ko kuma su ma ɗaki ɗaya suke haya da ƙannenta. A ƙasar da kashi 76 cikin 100 na mata aka aurar da su kafin su cika shekara 18, da yawa daga cikin waɗannan zawarawa ba su gama makaranta ba, ba su da sana'ar da za ta biya haya. Nijar kuma har yanzu ba ta da kundin dokar iyali guda, don haka makomar mace bayan saki ta dogara ga al'ada da halin mijin da kuma wanda ya shiga tsakani.

Hanya ta biyu mutuwar miji. Idan gidan haya ne, wata biyu ko uku bayan an share makoki mai gida zai fara aike. Idan na mamacin ne, magada kan sayar domin a raba, rabon matar kuwa tumuni ne in akwai ƴaƴa, shi ma a raba tsakanin kishiyoyi. Tumunin gidan laka a unguwar Talaje ba ya sayen fili ko a ƙarshen gari.

To ko da tana da kuɗin, samun ɗakin wani aiki ne. Ana neman kuɗin watanni gaba, da na ajiya, da ladan dillali. Sannan tambayar da kowa ya sani: "Hajiya, ina maigidan?" Masu gidaje da yawa ba sa son ba mace marar aure haya, suna tsoron maganar unguwa. Dokar haya ta 1996 tana nan, amma yawancin hayar talaka ba ta da takarda, ba ta da shaida, balle a je gaban alƙali da ita. Sakamakon haka mace kan amince da auren da ba ta so, ko ta zauna inda ake dukanta, domin kawai ta sami rufi a kan ƴaƴanta. Wannan ma rashin matsuguni ne, ko da ƙofar gidan ta ƙarfe ce.

Akwai kuma matan karkara da ke shigowa da rani. Matan Zarmaganda da ke tankaɗe yashi da tsakuwa a ƙoramu, su ratayo ƙwarya biyu a sanda suna zagaya unguwanni, da goyo a baya. Ƴan mata masu aikatau da ke yini a gidajen mutane, da dare su taru su kwana su da yawa a bukka ɗaya ko a kango marar ƙofa. Da matan da ciwon yoyon fitsari ya raba da gidajensu, waɗanda a da sukan yi watanni a harabar babban asibitin ƙasa suna jiran aiki, kafin a buɗe musu cibiya ta musamman. Wannan cibiya hujja ce cewa idan aka gane wani rukuni aka ware masa wuri, ana samun sauƙi.

Abin da waɗannan mata ke buƙata ɗaki ne mai ƙofa da kuba, a cikin gari, kusa da kasuwa da makaranta, inda ba za a raba su da ƴaƴansu ba, har su tsaya da ƙafafunsu.

6. Gwauraye ƴan ci-rani

Da an gama girbi suke shigowa, daga Tawa da Doso da Maraɗi da Damagaram da Tilaberi, su koma idan hadari ya fara haɗuwa. Su ne ƴan ga-ruwa, da masu shayi, da masu gyaran takalma, da ƴan dako a kasuwar Katako da Babbar Kasuwa, da leburorin gini. Scott Youngstedt, a littafinsa na 2013 kan Hausawan Yamai, ya nuna yadda wuraren hira na ƴan gari ɗaya ke zama musu dangi da banki da ofishin neman aiki. Da dare za ka same su a barandar shaguna, da rumfunan kasuwa, da harabar masallatai, da tashar Wadata. Ɗan ga-ruwa kan shimfiɗa kwali kusa da kurarsa, ya ɗaura igiyar jarkokin a hannu, kuɗin yini a cikin wando, takalmi ƙarƙashin kai.

A idon mai wucewa su ne marasa gida na ainihi, amma yawancinsu suna da gida da mata da gona a ƙauye. Da gangan suke ƙin kama ɗaki, domin duk dalar da ta tafi haya an rage ta ne daga kuɗin hatsi da iri. Fili a Seno ba zai yi musu komai ba, gidan SONUCI kuwa ko a mafarki. Abin da suke so kaɗan ne: inda za su kwanta ba tsoron ɓarawo ko kame, inda za su yi wanka, da inda za su ajiye jaka da kuɗi, a kan farashin da bai wuce na kwanon abinci ba.

Duk lokacin da aka tashi gyaran gari, su ne ke fara ji a jikinsu. A 2016 hukumomi suka rushe dubban shaguna da rumfunan bakin titi, ana shirin karɓar taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019. An yi ta maganar asarar ƴan kasuwa, amma kusan kowace rumfa makwancin wani ce. A ƙarshen Maris na 2020 kuma aka kafa dokar hana fitar dare saboda cutar korona, aka ce kowa ya shige gida tun ƙarfe bakwai, ga dubban mutane da gidansu shi ne bakin titin.

Kakanninmu sun san maganin wannan. Zango da mai masauki tsohon tsari ne na fatake, Yamai ma tana da unguwar Zongo. Ban ga abin da zai hana gunduma ta gina irinsa kusa da kowace babbar kasuwa ba: dogon ɗaki, famfo, makewayi, akwatunan ajiya, mai gadi, a biya kuɗi kaɗan kowane dare. Shi ne masauki mafi arha a cikin duk waɗanda na ambata, kuma zai iya riƙe kansa.

7. Yara, tsofaffi da marasa lafiya

Yara iri biyu ne. Almajiri yana da malami da iyaye da aka sani, matsalarsa ita ce zauren da yake kwana da kuma barar da ke ciyar da shi. Yaron da ya gudo daga gida yana kwana a kasuwa ba shi da kowa a kansa. Na farko ana taimakonsa ta hanyar malaminsa, a gyara makwanci, a tallafa da abinci, a sa ido. Na biyu yana buƙatar wurin da zai shiga da dare ba tare da an tsare shi ba, da ma'aikacin da zai bi sawun danginsa a hankali.

Martanin da aka fi gani shi ne kame da mayarwa gida. Kundin hukunta laifuka na 1961 ya ɗauki bara da gararamba a matsayin laifi. A Maris na 2022, bayan wani rahoton talabijin a Senegal, gwamnati ta kwaso ƴan Nijar fiye da 1,000 da ke bara a Dakar, akasarinsu mata da yara daga Kance da Magarya, sannan aka haramta bara a titunan Yamai. Daga yankin Kance ɗin nan ne yawancin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kan hanyar Aljeriya a Oktoban 2013 suka fito. Wanda irin wannan mutuwa ba ta hana shi fita ba, mota da ta mayar da shi ƙauye ba za ta zaunar da shi ba, muddin rumbu babu hatsi.

Masu taɓin hankali da ke yawo tsirara a tituna, da tsofaffin da ba su da mai kula, su ne rukunin da tsarin "gida tukuna" ya dace da su, wanda aka fara a birnin New York a 1992, ƙasar Finlan kuma ta mayar da shi manufar ƙasa daga 2008: a ba mutum ɗaki, sannan a bi shi da magani. Sashen masu taɓin hankali na babban asibiti yana iya kwantar da mutum ya sallame shi. Inda zai koma bayan sallama shi ne giɓin.

8. Ƴan gudun hijira

Tun 2012 Yamai ke karɓar ƴan Mali. Daga Nuwamban 2017 aka fara kawo waɗanda aka ceto daga Libiya, aka sauke su a gidaje cikin gari, daga baya aka buɗe musu cibiya a Hamdallaye a 2019. Duk da ƙorafe-ƙorafen da ake yi, wannan shi ne masauki mafi tsari da birnin ya gani: ana rubuta kowa, ana sanin mace mai ciki da yaron da ba shi da kowa, ana bin lamarin mutum ɗaya-ɗaya. Ke nan ƙwarewar tana nan a garin, ƴan Nijar ne ma ke yawancin aikin.

Ƴan ƙasa da rikici ya koro daga jihar Tilaberi, daga wajen Torodi da Tera da Walam da Banibangu, su kuwa gidajen dangi suke shigewa. Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta kafa dokar kare ƴan gudun hijirar cikin gida bisa Yarjejeniyar Kampala, a Disamban 2018. Amma magidancin da ke unguwar Kwara Tegi ko Bukoki wanda ya wayi gari da baƙi goma a ɗaki biyu, shi ne ke ɗauke da nauyin dokar a aljihunsa. Tallafa wa mai masauki ya fi kafa sansani arha, ya kuma fi mutunci.

9. Abin da nake ba da shawara

Raba fili ga kowa kamar tela ne ya yanka wa mutanen gida duka riga awo ɗaya. Filin yana da amfani ga mai gidan da ke cikin kwarin kogi ko bakin ƙoramar Gunti Yena, in an haɗa masa da ruwa da hanya da kayan gini, kuma rage farashin siminti da aka yi a Oktoban 2024 zai taimaka masa. Ɗan haya kuɗin haya za a ba shi. Kowace gunduma tana buƙatar wurin saukar gaggawa da ba makaranta ba, domin kada a riƙa ceton iyali ana asarar karatun yara. Gidan saukar mata da ƴaƴansu, ko guda ɗaya a kowace gaɓar kogi, aiki ne da ya dace da Babbar Hukumar Waƙafi da attajiranmu. Muna gina masallatai a kowane lungu, Allah ya saka da alheri, amma gida mai ɗaki goma da aka yi waƙafinsa domin zawarawa da marayu shi ma sadaka ce mai gudana, ina roƙon malamanmu su riƙa faɗin haka a kan mumbari.

Majalisar Ɗinkin Duniya, a ƙudurinta na Disamban 2021 kan rashin matsuguni, ta nemi ƙasashe su tattara alƙaluma a rarrabe. Mu a nan ba sai mun jira babban shiri ko kuɗin waje ba. Cibiyar ƙididdiga ta ƙasa da sashen nazarin ƙasa na jami'armu suna iya fitar da ɗalibai dare ɗaya a cikin sanyin Janairu da dare ɗaya a Satumba, su ƙirga masu kwana a kasuwanni da tashoshi da kangwaye da bukkoki, gunduma bayan gunduma.

Roƙona na ƙarshe ga shugabannin gundumomi biyar na Yamai da hukumomin agajin gaggawa ne, kuma ba ya cin ko dala. A takardar da ake rubuta waɗanda ambaliya ta shafa, a ƙara tambayoyi uku: gidan naka ne ko haya kake, mata nawa ne masu ɗakin kansu a gidan, kuma namiji ne ke riƙe da gidan ko mace. A yi wannan gyara kafin ruwan Yuni ya sauka.